Kansil ta ci haƙƙin ɗanka mai buƙata ta musamman a Ingila: ina za ka kai kuka?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Ingila za mu leƙa, kuma maganar ta fi shafar iyaye masu yaro mai buƙata ta musamman, ko otizim ne (lalurar da ke shafar mu'amalar yaro da mutane), ko matsalar ji, ko ta magana, ko wahalar karatu. In kana zaune can, ko kana da ƴar'uwa a can mai irin wannan yaro, tura mata bidiyon nan don Allah. Kuma Ingila nake nufi fa, Sikotland da Wales kowa da nasa tsarin.

To ga yadda abin yake. Tun Satumbar 2014, ƙarƙashin dokar yara da iyali ta 2014, yaron da buƙatarsa ta fi ƙarfin abin da makaranta za ta iya ita kaɗai ana rubuta masa takarda da ake kira EHCP, ta ilimi da lafiya da kula, tun daga haihuwa har shekara 25. Ƙaramar hukuma, wato kansil, ita ke rubutawa, kuma doka ta ba ta sati 20 daga ranar da aka nema. Duk abin da aka rubuta a sashen F na takardar, wato sashen taimakon karatun da za a ba yaro, misali malamar koyar da magana sau biyu a sati, to wajibi ne kansil ta samar, ba alfarma ba ce. A Janairun 2025 masu wannan takarda sun haura 638,000, amma a 2024 ko rabin sababbin takardun ba su fito cikin sati 20 ɗin ba.

To in an saɓa maka, ƙofa biyu ce manya. Ɗaya kotun musamman ce, tiribunal na SEND, wato na harkar yara masu buƙata ta musamman da naƙasa. Can ake zuwa in kansil ta ƙi gwada yaro, ko ta ƙi ba shi takardar, ko ba ka yarda da abin da aka rubuta ba, ko makarantar da aka sa masa. Wata 2 kake da shi daga ranar wasiƙar da kansil ta sanar da kai shawararta, kuma sai ka fara tuntuɓar masu sulhu sun ba ka satifiket a yawancin shari'o'in. Ɗayar ƙofar kuma ofishin ombusman ne na ƙananan hukumomi, wanda dokar 1974 ta kafa, kusan irin Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da muke da ita a Najeriya, kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, shi aikinsa duba sakaci da jan ƙafa da rashin cika alkawari.

Sai dai shi ombusman ɗin an ɗaure masa hannu ta wurare da dama. Yawanci ba zai saurare ka ba sai ka fara kai ƙorafi wajen ita kansil ɗin ta samu damar ba ka amsa. Sannan wata 12 ne iyaka daga lokacin da ka san da matsalar, in ya wuce sai da dalili mai ƙarfi. Kuma abin da ke faruwa cikin makaranta, yadda ake koyarwa, horo, yadda malamai ke tafiyar da yaro, duk ba huruminsa ba ne, sai dai hedimasta, sai kwamitin makaranta, sai ma'aikatar ilimi. Akwai yara sama da miliyan 1.2 da ke samun tallafin makaranta ba tare da EHCP ba, su kam kusan ba su da hanya zuwa wajensa in makarantar ce ta gaza, shi kansa ofishin ya roƙi gwamnati ta ba shi wannan ikon.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne wannan, ku saurara da kyau.

A ce uwa ce da ɗanta ɗan shekara 7 mai otizim. Kansil ta sa masa makarantar gama-gari mai yara 30 a aji, ita kuma ta san ɗanta, ƙarar ƙararrawa kaɗai sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur yana kuka. Ta gwada sati biyu, kullum kafin ƙarfe 10 an kira ta a zo a ɗauke shi. Ta ɗaukaka ƙara zuwa tiribunal, aka ba ta rana can wata da watanni gaba, yaro na gida, yunifom ɗinsa a rataye bayan ƙofa har ya yi masa kaɗan, ita ta ajiye aikinta, tana zaune da fayil ɗin takardu a teburin kicin tana rubuta imel ƙarfe ɗayan dare. Rana ta zo, alƙali ya ce ita ce da gaskiya, a kai shi makarantar da ta nema. Alhamdulillahi. To shekarar da ya rasa fa?

Tiribunal ba ya biyan diyyar karatun da aka rasa a irin wannan shari'a, gyaran takarda yake yi don gaba. Sai ta juya wajen ombusman, shi kuma ya ce mata ki yi haƙuri, sashe na 26 na dokar 1974 ya hana ni taɓa abin da aka kai kotu. Kuma a 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara ƙulle ƙofar, ta ce abin da ke haɗe da batun da aka kai tiribunal, har da yadda kansil ta tafiyar da kanta lokacin shari'ar, ombusman ba shi da ikon bincike a kai. Kai ko ba ka je kotun ba ma, in dai kana da damar zuwa, yawanci zai ce can ya kamata ka je. Gaba damisa baya siyaki kenan.

Ni dai a ganina wannan ba adalci ba ne wallahi, musamman in ka duba alƙaluma. Cikin shari'o'in da tiribunal ya yanke a shekarun nan, kusan kashi 98 cikin 100 iyaye ne ke samun nasara, ko duka ko wani ɓangare. Shi ma ombusman sama da kashi 90 na ƙorafin SEND da ya bincika yana samun kansil da laifi. Kenan iyayen nan ba rigima suke nema ba, gaskiya ce da su, amma hukumar da ta yi kuskure ta ja lokaci babu wanda zai tuhume ta kan watannin da yaro ya zauna a gida.

Kada ka ce to shi kenan ba amfani. Jan ƙafar da aka yi kafin takardar ƙarshe ta fito, ombusman na iya dubawa. In an rubuta malamar magana a sashen F ba a kawo ta ba, kuma ba a kanta ake shari'a ba, yana iya dubawa. In alƙali ya ba da umarni kansil ta yi biris, nan ma haka. Yakan ce a ba da haƙuri, a rama darussa, a biya ɗan kuɗi, ba masu yawa ba, kuma duk da shawara ce ba hukunci ba kusan kullum ana bi.

Shi ya sa ka raba kukanka gida biyu tun farko, na abin da aka rubuta daban, na sakaci daban, kowanne da kwanan watansa. Ajiye kowace wasiƙa har ambulan ɗinta. Kowace kansil tana da ofishin ba da shawara kyauta mai suna SENDIASS, akwai kuma ƙungiyar IPSEA masu sanin dokar ciki da bai, kira su kafin ka cike fom. Kuma ranar da wasiƙar kansil ta shigo, ɗauki biro ka rubuta ranar cikar wata 2 daga kwanan watan da ke kan wasiƙar a jikin kalanda.