Amsoshin Tambayoyinku: Rikicewar Bugun Zuciya Bayan Tiyata

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da war haka. Wata baiwar Allah ce ta rubuto cewa an yi wa mahaifinta, ɗan shekara 68, tiyatar jijiyoyin zuciya, kwana biyu da yin aikin sai zuciyarsa ta kama bugawa barkatai. Tana tambaya, aikin ne bai yi kyau ba? Likita, bismillah.

Likita: Allah ya ba Baba lafiya. Malama, kwantar da hankalinki, wannan ba ya nuna aikin ya ɓaci. Kusan mutum ɗaya cikin uku na samun haka bayan irin wannan tiyata, galibi a rana ta 2 ko ta 3. Ɗakunan zuciya biyu na sama ne ke daina matsawa, su koma karkarwa, sai bugun da ya kamata ya tsaya tsakanin 60 da 100 a minti ya haura 120, babu tsari. Zuciyar da aka taɓa tana kumburi, wani lokaci ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita, ga fotashiyam da magniziyam sun yi ƙasa a jini. Yawan shekaru ma na ƙara jawo hakan.

Da farko akan yi gwajin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya ke bugawa, a cike sinadaran nan da suka yi ƙasa, a ba da maganin metoprolol don rage gudu, ko amiodarone don maido da tsari. Idan awon jini ya faɗi ƙasa ko numfashi ya gagara, ba a jira: a sa shi barci, a ba ƙirji jan lantarki.

Mai gabatarwa: To ina haɗarin yake?

Likita: Gudan jini. Ɗakin da ba ya matsawa jini na kwanciya a ciki, ya daskare, ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, a samu shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa idan abin ya wuce awa 48 akan duba yiwuwar fara maganin tsinka jini kamar warfarin, ana lura da INR, wato gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, ya zauna tsakanin 2 da 3. Yawanci cikin mako shida zuwa takwas bugun kan daidaita, amma kada a ajiye magani don an ji sauƙi. Nan ne mutane ke yin kuskure.

A gida, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannun Baba ta gefen babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti guda cur, safe da yamma, ki rubuta. Idan baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu ya mutu, ko ya suma, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.