Gyaran harafi ɗaya a cikin Linux: wa ke biyan kuɗinsa?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ke kallon wannan bidiyo a wayar Android, to Linux na aiki a ƙarƙashin abin da yake latsawa. Ita ce zuciyar babbar manhajar wayar: ita ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ita ke magana da kyamara da batir da allo. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yanzu kuwa rubutunta ya haura layi miliyan 30. Duk bayan mako tara ko goma ake fitar da sabon zubi, kowanne ɗauke da gyare-gyare sama da dubu goma. Irin wannan gyara da ake aikawa, faci ake ce masa, kamar dai facin taya.

Cikin dubban facin nan akwai waɗanda ba su wuce harafi ɗaya ba. An rubuta kalma ba daidai ba, an bar fili a ƙarshen layi, an manta da wani suna da babu mai amfani da shi kuma. A 2014 har wata yarinya 'yar shekara huɗu ta samu nata ya shiga. Ta ga wani kanun bayani da aka ja wa layi a ƙasa, layin ya gaza kai wa harafin ƙarshe, sai harafin ya ba ta tausayi. Wani babba a gidansu ya taimaka mata aka aika, aka kuma karɓa.

To mene ne abin jayayya a nan? Abin shi ne, ba ko'ina ne harafi ke da nauyi iri ɗaya ba.

Idan kuskuren yana cikin sharhin da mai rubutu ya bar wa 'yan'uwansa, na'ura ba ta ma karanta shi, gyaransa ba ya cutar da kowa. Idan yana cikin saƙon da Linux ke fitarwa in ta gamu da matsala, sai a ɗan dakata, domin akwai masu kula da manyan kwamfutoci da suka rubuta 'yan manhajojinsu suna jiran wannan saƙo yadda yake, da kuskurensa. Idan kuwa yana cikin sunan da wasu manhajoji ke kira, to ya zauna ke nan. A Unix, wadda Linux ta bi sawunta, umarnin ƙirƙirar fayil sunansa creat, babu harafin e a ƙarshe. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, da kansa ya taɓa cewa da zai sake tsara Unix, da ya sa masa e ɗin. Fiye da shekara hamsin ke nan ba a taɓa shi ba. A Linux ma haka yake, saboda dokar da Torvalds ya fi tsanantawa a kai ita ce kada gyaranka ya karya manhajar da take aiki jiya.

Yanzu ku dubi wannan layi da ke kan allo: current->uid = 0. A harshen C, wanda da shi ake rubuta Linux, alamar daidai guda biyu tambaya ce: shin wannan mai amfani shi ne lamba sifili? Guda ɗaya kuwa umarni ne: mayar da shi lamba sifili. Lamba sifili ita ce root, mai cikakken iko a kan na'ura. A watan Nuwamba na 2003 wani ya cusa wannan layi cikin wani kwafi na rubutun Linux, a cikin layuka biyu da suka yi kama da binciken kuskure na yau da kullum. An gano shi ne don kwafin ya saɓa da na asali, bai kuma taɓa shiga zubin Linux da aka fitar wa jama'a ba. Amma ku lura, mai karatu da sauri zai ɗauka tuntuɓen yatsa ne kawai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Debian, wata babbar manhajar kwamfuta da aka gina a kan Linux, domin shi da kyakkyawar niyya aka yi. A 2006, wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind ta yi ta ƙorafi kan wasu layuka a OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri. Aka cire layuka biyu don ƙorafin ya lafa. Ashe ɗaya daga cikinsu shi ke zuba wa makullan abin da ke hana a cinke su. Daga nan kowane makulli yana fitowa ne daga cikin zaɓi kusan 32,768 kacal, adadin da kwamfuta za ta gwada kafin shayi ya huce. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano, dole masu amfani da Debian da Ubuntu, wadda aka gina a kan Debian, a faɗin duniya suka sake ƙera makullansu.

Shi ya sa nake ganin ba a yi wa masu kula da sassan Linux adalci idan aka ce suna da girman kai don sun ƙi ƙaramin gyara. Mai aikawa minti biyar ya kashe. Mai dubawa kuwa dole ya karanta kamar yana karanta babban faci, don ba zai san ƙarami ne ba sai ya karanta. Akwai kuma wahalar da ba a gani. Git, manhajar da Torvalds ya rubuta a 2005, tana nuna wanda ya taɓa kowane layi na ƙarshe. Mai farautar asalin wata matsala sai ya tarar da sunan mai gyaran fili ya rufe na wanda ya rubuta layin. Sannan in an zo kai wani muhimmin gyara ga tsoffin zubi da ake ci gaba da kula da su, sai faci ya ƙi zama, don layukan sun riga sun bambanta.

Duk da haka ba a rufe ƙofa ba, kuma ni ina goyon bayan a bar ta a buɗe, don da yawa daga nan suka koyi aikin. Akwai sashe mai suna staging da Greg Kroah-Hartman ke kula da shi tun 2008, inda ake ajiye rubutun da bai gama nuna ba, kuma can ana maraba da share-share. Manhajar checkpatch za ta nuna maka inda aka saɓa wa tsarin rubutu, har da kalmomin da aka saba kuskurewa. Wata mai suna get_maintainer za ta gaya maka wa za ka aika wa. Faci ɗaya, magana ɗaya. Ka rubuta dalili, ka sa hannu da layin Signed-off-by, ka aika ta imel a rubutu tsura.

Kafin ka aika, ka harhaɗa fayil ɗin zuwa harshen na'ura sau biyu, kafin gyara da bayansa, ka gwama su. In sharhi ko fili kawai ka taɓa, kuma yawan layuka bai sauya ba, ya kamata su fito iri ɗaya sak. Ka rubuta hakan a cikin bayanin facin. In kuma sun bambanta, ka koma ka gano dalili tukuna.