Gidan da aka bari ba filasta a Bexleyheath

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau jirgin ƙasa na shigo daga tashar Charing Cross da ke tsakiyar Landan zuwa Bexleyheath, a kudu maso gabashin Landan. Unguwa ce shiru, gidaje jere duk kama ɗaya, amma bayan katangar nan da kuke gani akwai wani gida da ake kira Red House.

Bari in matso da kyamara jikin bangon. Jan bulo ne zalla, ba filasta ba fenti. Da a gida ne sai mu ce kuɗi suka ƙare wa mai ginin. Nan kuwa da gangan aka yi. William Morris, gwanin zanen adon yadi da takardar bango, shi ya sa abokinsa Philip Webb ya zana masa gidan a 1859, ya tare da amaryarsa Jane a 1860. A lokacin masu hali shafe bangonsu suke yi sumul, shi kuwa so yake a ga hannun magini. Wurin ma gonar tuffa ce, daga baya gari ya taso ya kewaye shi.

Ku dubi tagogin: wata doguwa, wata zagayayya, babu mai bin layin wata. Inda ɗaki ke son haske nan aka huda. Ga kuma rijiya a tsakar gida, an yi mata rufi mai tsini kamar jinkan rumbu. Wallahi ita ta fi tsaya mini a rai.

Tun 1950 gidan yake cikin rajistar gine-ginen tarihi na Ingila, a matakin Grade I, wanda babu na sama da shi. Ko kai ka sayi irin wannan gida da guminka, ba ka isa ka cire taga ko ka rushe bango ba sai ƙaramar hukuma ta ba ka izini, in ka yi gaban kanka kotu za ta kira ka. Da farko na ga abin kamar takura, sai da na ji cewa a 2013 an bankaɗo wani babban zane a bangon ɗakin kwana, wanda kabad da takardar bango suka ɓoye shekara da shekaru.

Shi Morris shekara 5 kacal ya zauna, zirga-zirgar zuwa aiki Landan ta gajiyar da shi, ya bar gidan a 1865. Tun 2003 National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, ke riƙe da shi. To, ku biyo ni mu shiga daga ciki.