Idan maganin ciwon damuwa ya daina aiki

Lacca ce da wani likitan ƙwaƙwalwa ya gabatar a garin Tawa da ke ƙasar Adar a Nijar, gaban majinyata da ƴan'uwansu. An rubuto ta daga faifan da aka ɗauka.

Assalamu alaikum. Iyayena, ƴan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa, sannu da zafi. Na baya ku matso, akwai sauran wuri a tabarma.

Maganar yau ta wanda ya riga ya fara shan maganin ciwon damuwa ce, ya ji sauƙi wata shida ko shekara, sai ga abin ya dawo. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mace ta tsaya gaban turmi ta kasa ɗaga taɓarya. Alhali ƙwayar tana nan, ana sha. Abin da nake ji kullum shi ne, "Likita, jikina ya saba da shi." Dangi kuma su ce ai dama ba ciwon asibiti ba ne. Ku ji da kyau: wannan abu sananne ne a likitance, yana samun mutane da dama, ba laifin mai ciwon ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Sai dai ni ba na yarda magani ya gaza sai na yi bincike, domin sau da yawa wani abu ne ya shiga tsakani.

Mun san yadda gidajen Adar suke. Magani ya kusa ƙarewa, kuɗin da maigida zai aiko daga Abijan ko Libiya bai iso ba, sai a fasa ƙwaya biyu, ko a sha yau a tsallake gobe. Da azumi wasu su ajiye shi gaba ɗaya, alhali yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a rana, likita na iya mayar da shi bayan shan ruwa ko lokacin sahur. Idan hakan ta faru ku faɗa mana. Ba za mu yi faɗa ba, mun san halin da ake ciki.

Sai kuma inda aka saye shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan ɗaya cikin goma na magunguna jabu ne ko marar inganci. Ko na gaskiya ne ma, wanda ya wuni a tiren mai talla cikin ranar Afrilu, ma'aunin zafi ya haura 40, wa zai rantse a kansa? Ku saya a farmasi, ku ajiye shi a inuwa.

Akwai abin da mutane ba su sani ba, kuma yana damuna. Wani magani yana cinye wani a cikin jiki. Rifampicine, wanda ake ba masu tarin fuka, yana sa hanta ta yi saurin fitar da wasu magungunan damuwa, kamar amitriptyline da sertraline, sai abin da ya rage a jini ya kasa. Carbamazépine na farfaɗiya ma haka yake yi. Tramol kuwa, samari, ku nake yi wa magana: haɗa shi da maganin damuwa irin fluoxétine ko amitriptyline na iya jawo jijjiga, zazzaɓi mai tsanani da rikicewar hankali. Ranar zuwa asibiti ku zubo komai a leda ku zo da shi, har jiƙe-jiƙen gida. Mu kuma mu duba jini, ko akwai ƙarancinsa, ko ciwon suga, ko halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo ta rage aiki, domin kasalarta tana kama da ciwon damuwa ƙwarai.

A nan nake so ƴan'uwa su buɗe kunne. Shin mai ciwon ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya jin gajiya, surutu ba tsayawa, ya sayar da bisashe ya rabar da kuɗin, yana ganin ba wanda ya kai shi? Shi ba zai kawo wannan ƙara ba, domin a lokacin daɗi yake ji. Ku ne kuka gani. Idan akwai haka, to ciwon mai hawa da sauka ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai ba ya riƙe shi, yana ma iya tayar da shi. Maganinsa daban ne.

To, an duba duk wannan ba a samu komai ba, sai me? A Amurka an yi wani babban bincike kan mutum kusan 4,000, aka fara fitar da sakamakonsa a 2006. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko. Cikin sauran, da dama sun samu lafiya bayan an sauya musu wani ko an ƙara na biyu. Saboda haka likita na iya ƙara adadi, ko ya sauya, ko ya haɗa. Sabon magani kuma sai an ba shi sati huɗu zuwa shida kafin a yi masa hukunci. Na san jiran nan da wuya ga wanda kowace safiya ke yi masa nauyi.

Abu biyu nake roƙo don Allah. Kada ku yanke shi lokaci guda: jiri, tashin zuciya, mugun mafarki da wani abu kamar jan lantarki a kai na iya biyo baya, a hankali ake sauka. Kuma kada ku ninka da kanku, musamman amitriptyline, domin yawansa yana taɓa zuciya, yana kisa.

Wani lokaci kuma nauyin ne ya ƙaru: rasuwa, bashi, damina ta ƙi, ɗa ya tafi bida shekara biyu ba labari. Ƙwaya ba ta biyan bashi. Nan ake buƙatar zama da wanda ya iya sauraro, da komawa cikin mutane kaɗan-kaɗan, ko da zaman fada ne na rabin awa ko rakiya zuwa rijiya. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana magani, magani ma bai hana ta ba.

Wanda kuka ji yana cewa gara ya huta, ko ya fara sallama da rabon kayansa, kada ku jira ranar da aka ba shi ta komawa. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin. Ku ɗauke magunguna da maganin ƙwari na gona daga ɗakinsa, wani ya kwana tare da shi, ku kawo shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. Bismillah, a miƙa mata abin magana.