Ƙaramar tarakta da kayan aikinta: inda mai walda zai taɓa da inda zai bari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu manoma, direbobi, kanikawa da masu walda, barkanmu da war haka.

Maganarmu ta yau a kan ƙaramar tarakta ce, mai ƙarfin doki 20 zuwa 45, irin wadda ƙungiyar manoma ko mutum ɗaya ke iya saye, ta yi kaftu da huɗa da damina, ta ja tirela da kaka, ta juya injin casa da rani. Ba a ƙera waɗannan motoci da kunyoyin gonakinmu a rai ba, kuma yawancin kayan da ake ɗaura musu ko dai na babbar tarakta ne da aka samo na hannu, ko maƙerin gari ne ya haɗa. Don haka gyare-gyare dole ne. Abin da nake so mu rarrabe shi ne gyaran da ke sa kayan aiki ya dace da motar, da gyaran da ke neman motar ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Na farkon riba ne. Na biyun shi ke fasa giya, wani lokaci ya ɗauki rai.

Mu fara da hannaye ukun nan na baya, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Tsari ne da Harry Ferguson ya yi wa rajista a Ingila a 1926, kuma yau an kasa shi aji-aji. Ƙananan taraktoci aji na ɗaya ne: fil ɗin hannun ƙasa kaurinsa milimita 22, na sama milimita 19. Aji na biyu, na manyan motoci, ƙasa milimita 28, sama 25. Idan ramin ya fi fil faɗi, kada a bar shi yana rawa a ciki, domin kowane jijjiga yana cin ramin har ya zama kamar ƙwai, garma ta riƙa kaucewa layi. A sa bushi, wato ɗan gajeren bututun ƙarfe da zai cike gibin. Mai injin fiƙe ƙarfe zai yanka shi cikin ɗan lokaci. Kuma a kulle fil da makullinsa na asali. Lanƙwasasshiyar ƙusa ko waya ba makulli ba ce.

Hannun sama shi ke saita yadda garma ke cizon ƙasa. Ka gajarta shi, hancinta ya duƙa ta nutse. Ka tsawaita, ta ɗago. Direba da yawa idan garma ta ƙi shiga sai ya ɗora mata duwatsu ko ya sa yaro ya hau, alhali zagaye biyu na hannun sama ya isa. Sarƙoƙin gefe kuma a sassauta su kaɗan in ana kaftu da garma, a ɗaure su tamau in rotabeta ce, wato mai wuƙaƙe masu juyi da ke farfasa ƙasa, ko za a hau hanya.

Yanzu nauyi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don yawancin kukan "motar ba ta da ƙarfi" ba na inji ba ne, na taya ne. Injin yana ba da ƙarfinsa, taya tana zubar da shi a yashi. Ga yadda ake aunawa. A sa alli a gefen tayar baya. A ɗaga garma, a tafi a cikin gonar har taya ta juya sau goma, a auna nisan. A sauke garma a zurfin aiki, a sake juyi goma a giya ɗaya, a auna. Misali na farko mita 37, na biyu 32: bambanci mita 5, a raba da 37, ya ba da kusan kashi 13 da rabi cikin ɗari, shi ne yawan santsin tayar. Tsakanin 10 da 15 shi ake so. In ya wuce 20, man gas da taya kake ƙonawa. In ya yi ƙasa da 5, motar ta yi nauyi, duk wahalar tana komawa kan giya da aksil.

Hanya mafi araha ta ƙara nauyin baya ita ce ruwa a taya. A ɗaga motar da jak, a juya taya har bawul ya zo can sama, a cire ƙwayarsa, a riƙa ɗura ruwa ana tsayawa iska ta fita, har ruwan ya kai bakin bawul. Wannan kashi uku cikin huɗu ke nan, ragowar na iska ne, kuma kada a cika fiye da haka, don iskar ce ke shanye duka in an hau dutse ko kututture. Taya mai lamba 12.4-28 tana cin lita 130 ko kusa da haka, kun ga taya biyu sun ba da kilo 260 ba tare da an sayi ƙarfe ba. Littattafan Turai za su ce a zuba wani gishiri don kada ruwan ya daskare. Mu ba mu da wannan sanyi, kuma gishirin yana cin wili, a bar shi. Tayar da ke da tif ta fi dacewa, saboda ruwa ba ya taɓa ƙarfen. Iska kuwa, a gona fam 12 zuwa 16 ya wadatar ga tayar baya. Mai faci ya saba da tayar mota, in ba a tsaya a kansa ba zai buga mata 30, ta tsaya a kan tsakiyar haƙoranta tana santsi.

Gaba ma yana son nasa. Idan aka ɗaga haro mai nauyi, aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin motar ya rage a kan tayoyin gaba, in ba haka ba sitiyari ba ya jin magana. Mai walda na iya haɗa akwatin ƙarfe a zuba kankare, ko a jera tsofaffin faya-fayan garma. Sharaɗin shi ne a ɗaure shi da noti a ramukan da kamfani ya tanada a gaban motar. Kada a yi walda a jikin aksil ko gidan giya: yawancinsu zubin ƙarfe ne, zafin walda yana sa su tsage daga baya, ba lallai ranar ba.

Sai huɗa. Tazarar kunya da masana na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka daɗe suna ba da shawara ga masara da gyaɗa ita ce santimita 75. Saboda haka tsakiyar tayar hagu zuwa tsakiyar ta dama ya zama santimita 150, motar ta haye kunya biyu, tayoyi suna bin kwari. Yawancin ƙananan taraktoci suna zuwa a matse fiye da haka, amma an yi wilinsu yadda za a juya faifan ciki ko a sauya gefen da aka ɗaure shi, faɗin ya ƙaru mataki-mataki. In za a juya wili gaba ɗaya, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, don tsinin haƙoran taya ya ci gaba da kallon gaba in ka dube shi ta sama. A sake ɗaure notuna bayan aikin awa ɗaya ko biyu, don sukan saki.

Ita rijar, wato garmar huɗa, shawarata ga maƙera ita ce a daina like kawunan da walda a jikin sandar. A samu ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai kauri, a yi wa kowane kai maƙalli da noti yadda zai zame hagu ko dama. Kai uku: ɗaya a tsakiya, ɗaya bayan kowace taya. In aka juyo, kan gefe ya bi kwarin ƙarshe, kowace tafiya ta ƙara kunya biyu. Da wannan sanda ɗaya za a cire kawunan rija a ɗaura haƙoran noma, ko a matso da su don albasa da tumatir a fadama. Lissafin yini kuma mai sauƙi ne: faɗi a mita sau gudu a kilomita, a raba da goma. Mita 1.5 sau 4 ya ba da hekta 0.6 a awa. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na juyawa da tsayawa, ya rage 0.45. Wanda ya ce zai huɗe hekta goma a yini da wannan mota, ko dai karce ƙasa zai yi, ko ya tafasa injin.

Mu zo kan shaf ɗin PTO, wato sandar da ke ɗaukar juyi daga bayan tarakta, wanda ke juya rotabeta da injin casa. Kansa yana da tsaga shida, yana juyi 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. Sabon shaf kusan kullum ya fi ƙaramar mota tsawo. In aka ɗaura shi haka aka ɗaga hannaye, ba shi da wurin shigewa, sai ya tura ƙarfinsa cikin gidan giya ya fasa boris ko murfin baya. Yadda ake yankawa: a ɗaura kayan aikin, a ɗaga har bakinsa ya yi daidai da bakin PTO, nan ne tazara ta fi gajarta. A kashe inji. A zare shaf gida biyu, a maƙala kowane a wurinsa, a jera su gefe da gefe, a sa alama yadda za a bar sararin santimita 3 zuwa 4. Abin da aka yanke a ɗaya, shi za a yanke a ɗayan, haka ma rigar robarsu. A goge bakin da zarto mai laushi, a shafa giris. Sannan a duba ɗaya ɓangaren: in an sauke kayan har ƙasa, kashi ɗaya cikin uku na tsawon ya rage a cikin juna, kada ya zare yana juyi.

Rigar robar nan ba ado ba ce. Mu mutane ne masu babbar riga da rawani da zani, kuma sau tara a daƙiƙa ba ya ba mutum damar ja da baya. In ta fashe a nemi wata. Mai aiki kusa da shaf ya sa matsattsun kaya, yara su yi nisa, kuma ba a tsallake shi ko da ana sauri.

A kan shaf ɗin akwai wani noti guda da aka yi shi da laushi da gangan. In wuƙaƙen rotabeta suka ci karo da saiwa ko dutse, shi ne zai karye, kamar fis a wutar gida. Abin da ke faruwa shi ne ya karye sau biyu, direba ya gaji, ya sa mai tauri ko ya sa a like wurin da walda. Daga ranar, abin da zai karye shi ne haƙorin giya. A sayi irinsa daidai, kauri da lambar da ke kansa, a ajiye guda biyar a akwati. In yana yawan karyewa, dalili na wani wuri: an sa PTO da totur a sama, ko zurfi ya yi yawa, ko ƙasar ta bushe. Shaf mai farantin da ke zamewa a madadin noti kuma, tsatsar damina tana manne shi. Farkon aiki a auna tsawon sifirin ɗinsa, a sassauta, a bar shi ya zame daƙiƙa biyu ko uku, a mayar yadda yake.

Masu juya injin casa ko na sussuka da bel, lissafin fuli ɗaya ne: juyin mai ja sau faɗinsa, a raba da faɗin wanda ake ja. Fuli mai santimita 30 a juyi 540, yana jan mai santimita 20, ya ba da 810. In juyi ya yi yawa hatsi ya farfashe, in ya yi kaɗan ya fita da ƙaiƙayi. A gyara da fuli, ba da totur ba.

Tirela a ɗaure ta a ƙarfen ja na ƙasa kawai. Duk abin da aka ɗaure sama da aksil, a hannun sama ko a ƙarƙashin kujera, yana ɗaga gaban motar, kuma tarakta na iya kifewa ta baya cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. An fi samun wannan wajen tumɓuke kututture da ciro motar da ta kafe a laka. A kan titi a haɗa birkin hagu da na dama da makullinsu, kuma ba a gangara a firi da lodin buhuna. Ƙarfen kariyar da ke bayan kujera kuma, mai tsare direba in motar ta kife, ba a huda shi, ba a yanke shi, ba a yi masa walda. Mai son rumfa saboda rana, kuma kowa na so, ya maƙala ta da noti mai lanƙwasa da ke rungumar ƙarfen.

Wani bawan Allah daga baya yana tambaya a kan zafin inji. Madalla, Alhaji. Kafin a zargi inji a duba lagireto. Ƙaiƙayin shinkafa da ƙurar hunturu suna toshe ramukansa. A yi masa allon raga mai zamewa a gaba, wanda za a zare a kakkaɓe sau biyu a yini, a riƙa hura lagireton daga baya zuwa gaba. Cire tamostat da kanikawa suka saba yi ba magani ba ne: inji ya daɗe bai ɗumama ba, mai ya ƙi ƙonewa sosai, zafin kuma ya dawo tunda toshewar na nan. Matatar iska, in mai baƙin mai ce, a wanke kofin a zuba sabo zuwa layi, lokacin ƙura kullum. In ta takarda ce kada a buga ta a taya, a hura ta daga ciki a hankali, in ta huje a jefar, don ƙurar da ta wuce ita ke cin ringi har shuɗin hayaƙi ya fara fita.

Man gas kuma a bar duro ya kwana kafin a ɗiba, a karkata shi yadda ruwa da laka za su taru nesa da famfo, kuma kada a ajiye shi a duron da aka shafe cikinsa da zinki. Ƙara matata mai kofin gilashi tsakanin tanki da famfon mai gyara ne mai kyau ƙwarai: kowace safiya ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa, ka kwance ka zubar. In za a yi walda a jikin kayan da ke maƙale da motar, a cire kan batir na ƙasa, wato wanda wayarsa ke haɗe da jikin motar, tukuna, a maƙala wayar ƙasa ta walda kusa da wurin aikin, don kada wuta ta ratsa boris ko ta ƙone altaneta. Wili kuwa ba a kai masa wuta sai an cire taya gaba ɗaya, ko da an sace iskar. Tiyon haidirolik da ake zargin yana yoyo a gwada shi da kwali, ba da tafin hannu ba, domin man yana fita da ƙarfin da zai huda fata, kuma wanda hakan ya samu asibiti za a kai shi nan take ko da raunin bai fi tsinin allura ba.

Lokacin salla ya yi. In mun dawo za mu fita wajen motar, kowa ya riƙe tef ya auna faɗin taya da tsawon shaf da hannunsa. Wassalamu alaikum.