Kwana 11 da Mutanen Burghead Suka Ƙi Yafewa

Kabiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Hadiza tana nan, Nura ma ga shi can ya ja hular sanyi har ta rufe masa kunne, ban san ta ina zai ji mu ba.

Nura: Ina jin ku sarai, Yaya Kabiru. Hunturun bana ne ba ya jin bari.

Kabiru: To yau dai maganar bidiyon nan ce, wanda aka ga mutum ya saɓo ganga tana ci da wuta cikin dare jama'a na biye da shi, tunda kun hana mu sakat da shi. Kowa sai ya turo mana, wai mu faɗa masa ko gaskiya ne.

Hadiza: A zauren WhatsApp na gidanmu wata gwaggona ce ta saka shi, ta rubuta a ƙasa wai gobara ta tashi a Turai, a sa su a addu'a. Mutane suna ta amin, amin.

Kabiru: Allah Ya saka wa Gwaggo da alheri, amma su suka kunna abarsu da hannunsu, kuma baɗi ma za su sake. Sunan garin Burghead, can arewacin Sikotland, a yankin Moray, bakin teku. Ɗan ƙaramin gari ne na masunta, mutanensa ba su kai dubu 2 ba. Abin nan da kuka ga mutum ya saɓo yana ci da wuta, Clavie suke ce masa. Duk shekara daren 11 ga Janairu, ƙarfe 6 na yamma. Kuma ku sani a can a wannan watan kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, don haka ƙarfe 6 dare ne sosai.

Hadiza: Ni ranar ce ta ɗaure mini kai. An ce bikin sabuwar shekara ne. Ran 11 ga wata? Lokacin da kowa ya gama cinye albashin Disamba ya koma cin bashi?

Kabiru: Yawwa, nan daɗin labarin yake. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, saboda tsohuwar ta Rumawa tana ɗan zamewa, ranaku ba sa dacewa da tafiyar rana. Birtaniya ba ta bin Fafaroma, sai ta yi kunnen uwar shegu. Daga baya majalisarsu ta ga ba makawa, aka sauya a 1752, lokacin ratar ta kai kwana 11. Mutane suka kwanta ranar Laraba 2 ga Satumba, suka wayi gari Alhamis 14 ga Satumba.

Nura: Haka kawai? Kwanakin tsakiya fa?

Kabiru: Babu su. An share.

Hadiza: To ni tambayata ɗaya ce. Kuɗin haya. Watan Satumban nan kwana 19 ke nan aka yi. Mai gida ya karɓi na wata cikakke?

Nura: In Bakano ne mai gidan ai har da ƙari zai karɓa, Anti Hadiza. Zai ce kuɗin saurin wata.

Kabiru: Kai Nura, kai ma ka koma bayan Zage-zagi? To bari ku ji, da a Zariya aka yi wannan, har yau da ba su san an sauya ba. Sai an tura musu ɗan aike daga Kano.

Hadiza: Da mun sani, da ba mu sani ba, mu dai ba za mu biya kuɗin kwanan da ba mu kwana ba. Ku kuwa na rantse da kun buɗe rumfa a Kantin Kwari kuna sayar da kwanakin. Ga 5 ga Satumba, sabuwa dal, ba a taɓa amfani da ita ba.

Nura: A sari ko ɗai-ɗai?

Hadiza: In ka ɗauki duka 11 a rage maka.

Nura: To uwar adashi fa? Wadda kwasarta ta faɗo ran 8 ga wata?

Hadiza: Ta shiga uku. Sai dai ta kai ƙara wurin mai unguwa, shi ma ya ce ranar babu ita a littafi.

Nura: Mai jego kuma a yi suna kafin a haihu.

Kabiru: Kun gama? To abin dariyar, maganar hayar nan da gaske an yi tunaninta. Dokar ta ce bashi da haya da makamantansu kada a karɓa kafin kwanakinsu na ainihi su cika. Sanadin haka ne har gobe shekarar haraji a Birtaniya take farawa ran 6 ga Afrilu, wata rana wadda ba kai ba gindi. Da can 25 ga Maris ce, aka tura ta gaba. Wato ita kanta gwamnatin ba ta yafe kwanakinta ba, ina ga talaka. Su mutanen Burghead suka ce to, ku yi sabuwar shekararku, mu ma za mu taya ku ci da sha, amma wutarmu tana nan a tsohon lissafi, wato 11 ga Janairu. Shi ya sa sau biyu suke yi.

Nura: Su kaɗai?

Kabiru: A'a, akwai irinsu jefi-jefi. Tsibirin Foula a Shetland ta Sikotland da kwarin Gwaun a Wales, su 13 ga Janairu suke yi. Amma bari in gaya muku yadda ake haɗa abin, don shi ya fi burge ni. Gangar katako ce, a raba ta biyu. A ɗauki rabi a kafa a kan wata doguwar sanda mai kauri. Ƙusar da ake kafawa da ita, ita ce dai ta bara, ita ce ta bara waccan, ajiye ta ake yi. Kuma ba a buga ta da guduma. Dutse ake sa wa.

Hadiza: Saboda me?

Kabiru: Haka suka tarar. Sai a kawo falankan ganga a tokare ta daga ƙasa zuwa jikin sandar, a bar ƙofa daidai inda mutum zai cusa kansa, nauyin ya sauka a kafaɗa. A cika cikin da itace, a zuba kwalta da baƙin man nan da ake shafa wa katako. Kunnawa kuma ba ashana. Akwai wata baƙar ƙasar fadama da suke yankawa su busar su yi makamashi da ita, ita ake ɗaukowa da garwashinta daga murhun wani gida a cikin garin, a ɗora. Ka duba bidiyon da kyau, Nura, za ka ga kwaltar tana narkewa tana ɗiga a bayan rigar mai ɗauka, kansa yana ƙarƙashin wutar kai tsaye, sauran suna kewaye da shi suna tallafe. In ya gaji wani ya shiga ya karɓa.

Nura: Ni ko nawa za a ba ni.

Kabiru: Ai ba za a ba ka ba ma. Ba a sayen shiga. Sai haifaffen garin, kuma yawanci gado ne, uba ya bar wa ɗa. Suna da shugaba da suke kira Sarkin Clavie. Dan Ralph ya karɓi sarautar a 1988.

Hadiza: Mata fa?

Kabiru: Masu ɗauka dai maza ne.

Hadiza: Na san za a rina. A Turan ma.

Kabiru: Kina son ki ɗauka ne?

Hadiza: Ban ce ina so ba, so nake a tambaye ni in ce a'a.

Kabiru: To an tambaye ki. Sai su zaga tsohon garin da ita, ta hannun dama, suna tsayawa a ƙofar wasu gidaje, a zaro falanki mai hayaƙi a miƙa wa masu gida. Daga nan a hau wani tudu da ake kira Doorie, akwai ginshiƙin dutse a kai, a kafa ta, a yi ta ƙara mata mai har wutar ta turnuƙe, gangar ta tarwatse ta zubo. Nan ne kuka ga mutane suna wawa. Gawayin suke tsinta. A kai gida a ajiye, wai sa'ar shekara. Har aika wa 'yan garin da ke ƙasashen waje ake yi.

Hadiza: Ka ga wannan ma da Kanawa ne...

Kabiru: Kada ki fara.

Hadiza: Ƙulli-ƙulli a leda.

Nura: Ni fa tsakani da Allah, Yaya, da na gani abin da ya zo mini shi ne wannan ai bautar wuta ce. Kuma masu saurare da yawa haka suka rubuto.

Kabiru: Ba kai ka fara faɗa ba, limaman cocinsu sun riga ka da shekara sama da 300. A ƙarni na 17 akwai rubuce-rubucen coci na yankin da ke tsawata wa masunta kan zagaya jiragen ruwansu da wuta a jajibirin sabuwar shekara, suna cewa aikin maguzanci ne. Ba su daina ba. Amma na yanzu in ka tambaye su ba wanda zai ce maka yana bauta wa wani abu. Al'adar gari ce, sai camfin sa'a da ya rage a jiki.

Nura: To ina maganar da ake ta rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, wai abin ya samo asali daga Celt, wasu tsoffin ƙabilun Turai?

Kabiru: Tudun nan na Doorie ragowar ganuwa ce ta wani babban sansanin mutanen da ake kira Pict, waɗanda suka zauna a arewacin Sikotland fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma yawancin masana suna sa harshensu cikin dangin harsunan Celt. Da aka zo gina sabon garin tsakanin 1805 da 1809 aka rushe fiye da rabin sansanin. A nan aka tono duwatsu masu zanen bijimi, an ce sun kai wajen 30, yanzu 6 suka rage, ɗaya yana gidan tarihi a Landan. To wuta tana ƙarewa a kan ganuwar Pict, dole a ce daga can ta samo asali. Wasu kuma su ce Rumawa, wasu su ce 'yan Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai. Ni dai a ganina mutane sun cika son a ce abu ya shekara dubu biyu kafin su girmama shi. Shekara 300 da ke rubuce ba ta isa ba? Akwai wani ƙauye a Ingila, Marsden, a Yorkshire, suna bikin wuta farkon Fabrairu da sunan Imbolc, ɗaya daga manyan bukukuwa huɗu na Celt. Sunan tsoho ne, amma bikin nasu a 1993 aka fara shi. Na girme shi.

Hadiza: Nesa ba kusa ba.

Kabiru: Ban tambaye ki ba.

Nura: Amma ka san abin da ya tuna mini? Bugum. Dangin mahaifiyata a Tamale suke, kuma duk wanda ya zauna zango a arewacin Gana ya san shi. Dagombawa ne ke yi, daren 9 ga watan farko na shekararsu, wanda ya yi daidai da Muharram. Kowa ya ɗaure ciyawa ya kunna, sarki ne ke fara kunna tasa, a fita bayan gari da kiɗa a jefa a kan bishiya. Wasu su ce ɗan sarki ne ya ɓata aka fita nemansa da wuta aka same shi a gindin bishiya, wasu su danganta shi da saukar jirgin Annabi Nuhu.

Hadiza: Ba sai ka je Gana ba. Wowwo fa? Kakata har ta rasu watan wowwo take ce wa Muharram. Daren cika-ciki a ci a ƙoshi, samari su kunna yayi su yi ta jifa, taubasai su bi juna da tsokana.

Kabiru: To ina yake yanzu? Tambayi ɗan shekara 15 a Kano ko Zariya me ake nufi da wowwo. Malamai sun yi wa'azi a kai, ga tsoron gobara, gari ya cika, ya tafi. Ban ce a dawo da jifa da wuta ba, kada a fita a ce Kabiru ya ce. Abin da nake dubawa shi ne me ya riƙe na Burghead. Ba hukumar yawon buɗe ido ce ta riƙe shi ba. Mutane ne ƙalilan da kowa ya san gidajensu, kowa ya san wa ke ajiye ƙusa, wa zai kawo garwashi. Abin da ya iya tsayar da su sai Yaƙin Duniya na Biyu, sai kuma korona a 2021. Ba su matsar da ranar zuwa ƙarshen mako don baƙi su samu zuwa ba. In ta faɗo Talata, Talata za a yi, mai zuwa ya zo.

Hadiza: In ta faɗo Lahadi fa?

Kabiru: To, in Lahadi ce suna yi ran Asabar, 10 ga wata.

Hadiza: A'a! Yanzun nan ka gama cika mana baki ba sa matsawa. Majalisa ta kasa, Fafaroma ya kasa, ashe limamin unguwa ya iya.

Kabiru: Kwana ɗaya ne, Hadiza. Ɗaya.

Hadiza: Saura 10. A kawo Kantin Kwari.

Nura: Yaya, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mana hannu tun ɗazu.

Kabiru: Kai, har mun cinye? Ban ma taɓo Stonehaven ba, masu wulwula ƙwallon wuta, da Allendale inda ake ɗaukar gangar a ka. Kuma mun ce za mu karanta saƙonni.

Nura: Sai mako mai zuwa.

Kabiru: Haka muka ce wancan makon. To jama'a, ku ci gaba da turowa. Hadiza, ki gaya wa Gwaggo an kashe wutar, kowa lafiya.

Hadiza: Ai ta riga ta tura wa zaure huɗu. Sai an jima.