Jawabin Maraba Ga Mai Girma Uban Jami'a Daga Ƙungiyar Ɗaliban Digiri Na Biyu Da Na Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Uban Jami'a, babban baƙonmu na yau, Shugaban Kwaleji, malamanmu masu duba kundayenmu, ma'aikatan kwaleji tun daga ofis har bakin ƙofa, 'yan uwana ɗalibai, na cikin zauren nan da masu kallo ta intanet, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin ɗaliban digiri na biyu da na uku na wannan kwaleji, muna yi maka lale marhabin. Ka tarar da kujerunmu a warwatse, mita biyu tsakanin kowace da 'yar uwarta, tagogi a buɗe, fuskokinmu rabi a rufe da takunkumi. Murnarmu dai tana nan cike, kuma zuwanka a irin wannan lokaci na annobar korona, da mutane da yawa ke gudun taro, ya ƙara maka girma a idonmu.

Kowa ya san yadda abin ya faro. A Disamba 2019 aka fara jin labarin wata baƙuwar cutar numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin ƙarshen Afrilu, bisa ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5. Muna cikinsu, amma halin da ɗalibin bincike ya shiga daban ne, kuma shi nake so ka ji daga bakinmu.

Ana iya mayar da lacca kan kwamfuta, ba a iya mayar da ɗakin gwaje-gwaje. Cikinmu akwai mai renon ƙwayoyin halitta a cikin kwalabe, waɗanda sai an sauya musu ruwan abincinsu bayan kwana biyu ko uku. Ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar ɗakin, abin da ya samu daskarewa ya tsira, sauran ya mutu, aikin watanni ya bi ruwa. Akwai mai nazarin tsirrai da lokacin shukarsa ya wuce yana kulle a ɗaki, sai ya jira wata shekarar. Akwai masu tarihi da ma'ajiyar tsofaffin takardu ta rufe musu ƙofa, da masu nazarin zamantakewa da aikinsu duka zama ne da mutane ana hira ido da ido. Duk wannan yana faruwa, wa'adin karatu yana tafiya, kuɗin tallafin da aka yanka wa mutum na shekara uku ko huɗu yana ƙarewa, bai san da wata annoba ba.

To me ya riƙe mu? Junanmu, ranka ya daɗe. Da aka dakatar da jiragen sama, ɗalibai da dama daga wasu ƙasashe sun maƙale a ɗakunan kwana, babu dangi kusa. Sai muka buɗe zaure a WhatsApp, muka raba kanmu hawa-hawa, kowane hawa da mai kula da shi. Idan gwaji ya nuna wani ya kamu, ya shiga killace kai na kwana 14, to ba zai kwana da yunwa ba. Za ka ga ɗan uwansa ya zo da leda, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja da baya har ƙarshen baranda, ya tsaya. Ba zai tafi ba sai ya ga an buɗe, ya ji muryar mai ɗakin, ya tabbatar numfashinsa lafiya. Wani ma ba ya jin ɗanɗanon abin da aka kawo masa, domin cutar tana ɗauke ɗanɗano da jin ƙamshi, amma wannan ƙwanƙwasar yake jira tun safe.

Mun kuma ƙirƙiro zaman rubutu a Zoom. Kowa ya kunna kyamara, ya kashe sauti, ya duƙufa kan babinsa, babu mai cewa uffan. Bayan minti 40 manhajar kyauta ta yanke, mu sake shiga. Wanda bai san kaɗaicin rubuta kundi ba zai ce wannan wane irin taro ne, amma babi da yawa a nan aka kammala su. A haka wasu suka kare kundayensu gaban masu jarrabawa, su kaɗai a ɗaki, maƙwabta na tafa musu ta taga. A haka kuma muka yi wa waɗanda suka rasa iyaye ta'aziyya, ba su samu halartar jana'iza ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wajibi ne in ambaci masu shara, masu gadi da ma'aikatan ɗakin girki. Mu mun zauna a ɗaki, su kuwa kullum suna fitowa su goge hannun ƙofa da maɓallin lantarki domin lafiyarmu. Mun gode musu ƙwarai.

Ranka ya daɗe, annobar nan ta nuna wa duniya amfanin irin aikinmu. A Janairu 2020 aka fitar da tsarin halittar ƙwayar cutar, ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar kuma aka fara yi wa jama'a allurar rigakafin kamfanonin Pfizer da BioNTech a Birtaniya. Saurin ya samu ne saboda bincike mai tsawo da ya gabata, kamar wanda masana kimiyya Katalin Karikó da Drew Weissman suka wallafa tun 2005, lokacin da kaɗan ne suka damu da shi. A Nuwamba 2021 masana a Afirka ta Kudu da Botswana ne suka gano sabon nau'in cutar mai suna Omicron suka sanar da duniya. Irin waɗannan ɗakunan gwaji, ɗalibai kamarmu ne ke kwana a cikinsu.

Saboda haka, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ga kokenmu. Babba a ciki shi ne a ƙara wa'adin karatu ga duk wanda kulle ya tsayar da bincikensa, ba tare da ƙarin kuɗin makaranta ba, kuma ka sa baki wurin masu ba da tallafi su ma su ƙara nasu, domin ƙarin lokaci babu abin sawa a baki wata wahalar ce. Muna roƙon a samar da ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ɗalibi zai gani cikin sirri ba tare da dogon jira ba. Damuwa ta yi wa wasunmu illa fiye da yadda fuskokinsu ke nunawa. Sannan a gyara intanet na ɗakunan kwana, a kuma bar mana zauren taruwarmu a buɗe bisa ƙa'idojin lafiya.

Bayan wannan zama, wasu daga cikinmu za su zagaya da kai ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakin karatu, ka ga ayyukan da aka sake ɗauka daga tushe. Muna fatan za ka tsaya ka tambaye su da kanka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya mayar da kai gida lafiya. Na gode.

Wassalamu alaikum.